Kurakuran Masu Gina Burauzar Gwaji Bisa Tsarin Babbar Manhajar Kwamfuta

Tun da masu bincike a Jami'ar Illinois suka fito da burauzar OP a 2008, Microsoft kuma ta biyo da Gazelle a 2009, ƙa'idar ta bayyana: ƙaramar cibiya ce kaɗai za ta riƙe fayiloli da kukis (ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauza don gane mai amfani) da hanyar intanet, sashen da ke zana shafi kuwa a killace shi, kome yake buƙata sai ya roƙa. Haka babbar manhajar kwamfuta take yi wa shirye-shiryen da ke gudana a kanta. Duk da haka sababbin hannu ba su daina tuntuɓe a wuri ɗaya ba.

Mafi muni shi ne a raba burauza zuwa furoses da yawa (furoses shi ne shirin da ke gudana da kansa a wurin da aka ware masa), sannan cibiya ta riƙa gaskata duk abin da mai zana shafi ya faɗa mata. Wani matashi ya taɓa nuna mini aikinsa, inda saƙon neman kukis yake ɗauke da sunan shafi, cibiya kuma tana miƙawa babu tambaya. Na sauya sunan da ke cikin saƙon zuwa na wani shafi dabam, nan take kukis ɗin wancan shafin suka fito. Wannan sakaci ne tsantsa, domin mai gadin da ke buɗe wa duk wanda ya ce shi ne mai gida ba ya tsaron kome. Ku ɗauka tun farko cewa maharin ya riga ya ƙwace mai zana shafi. Al'adata ita ce cibiya ta rubuta wa kanta shafin da ta ba kowace furoses ranar da ta ƙirƙire ta, idan saƙo ya saɓa wa wannan rubutu kuwa a kashe furoses ɗin nan take, ba a tsaya lallashi ba.

Na biyu shi ne furoses ɗaya ga kowane tab (tagar da ake buɗe shafi a cikinta), alhali shafi guda yakan ƙunshi tallace-tallace daga wasu shafuka. Raunin Spectre na 2018, wanda aka gano a ƙwaƙwalwar sarrafa bayanai ta kwamfuta, ya nuna cewa lambar mahari, wato umarnin shirin da ya rubuta, tana iya leƙa bayanan da take zaune da su a furoses ɗaya, shi ya sa Chrome 67 ta ware wa kowane shafi furoses ɗinsa a kwamfutoci a shekarar, Firefox 95 ta bi sahu a 2021. Tabbas hakan yana ƙara cin memori, amma ni ina biyan wannan farashi.

Kada a buɗe hotuna a cikin cibiya. Burauzar Ladybird ma furoses dabam ta ware musu. Killacewa da seccomp a Linux kuwa, wato tsarin da ke taƙaita abin da furoses za ta iya nema daga babbar manhaja, a fara ta ranar farko, domin wanda ya ce sai daga baya zai tarar lambarsa ta saba da izinin da janye shi zai rushe rabin aikin.