Yaron da ke ɗauke da kwayar strep a maƙogwaro amma lafiyarsa lau: yadda za ki bi da shi

Bara cikin hunturu ne maƙwabciyata nan Tudun Wadan Zariya ta shigo min hankali tashe, wai an goga auduga a maƙogwaron ɗanta a asibiti an ce akwai kwayar strep, wato bakteriyar da kan kawo ciwon maƙogwaro, alhali yaron yana ta tsalle-tsallensa a tsakar gida har da tsotsar rake. Kafin magariba ta ware masa kofi da kwano, ta hana shi zuwa Islamiyya, kishiyarta kuma ta janye nata yaran kamar mai kuturta ne ya sauka a gidan. To ni dai na ce bari in rubuta abin da ya kamata a yi, don wallahi wahalar da aka ba yaron nan ba ta da dalili.

Kwayar nan sunanta Streptococcus rukunin A, kuma akwai yara 'yan makaranta da yawa da take zaune a maƙogwaronsu ba zazzaɓi ba ciwo, a lokacin sanyi ma a wasu wuraren yakan kai yaro 1 cikin 5. Tana iya yin watanni a wajen. Irin wannan yaron bai cika shafa wa wasu ba, mai yaɗa ta sosai shi ne wanda ciwon ya kwantar, kuma da wuya ƙwarai ta taɓa masa zuciya. Shi ya sa likitoci galibi ba sa ba shi komai. Don haka Maman wane ki bar shi ya je makaranta, ya ci tuwo da 'yan uwansa, kar ki aika kemis a haɗo masa kafso ja da baƙi.

Aikinki shi ne ki iya gane ciwon gaske in ya zo. Na strep farat ɗaya yake faɗowa, yaro ya kwanta lafiya ya tashi jiki zafi rau, haɗiyar yawu ma sai ya yamutsa fuska, koko ma ya ƙi sha. Ki sa shi ya buɗe baki ya ce "aaa" ki haska da tocilan ɗin waya, za ki ga tsokar nan biyu na gefen maƙogwaro, tonsil, sun kumbura sun yi jajir, wani lokacin da farin abu kamar mugunya a kai. Ki shafa ƙasan muƙamuƙi za ki ji kaluluwa. Yawanci babu tari babu majina. In kuwa tari ne da yoyon hanci da dashewar murya, galibi mura ce ta bairos, wadda ƙurar hunturu ke ƙara ta'azzarawa, kuma maganin kashe bakteriya ba ya mata komai. Nan ne ma ake rikicewa, yaron da dama yana ɗauke da kwayar in mura ta kama shi aka yi gwaji sai a ga strep, a zaci ita ce ta kawo ciwon. Don haka ki ba likita labari tiryan-tiryan, yaushe ya fara, akwai tari ko babu, sau nawa aka ba shi magani a shekarar. Kuma ba sai an kwashi yaran gida kaf masu lafiya an kai gwaji ba.

An fi samun ciwon tsakanin shekara 5 zuwa 15, 'yan ƙasa da shekara 3 ba kasafai ba. In kin ga alamun nan ki kai shi a duba, ko asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan ko wanda ya fi miki kusa, in abin ya yi girma akwai asibitin koyarwa na Shika. Don Allah ban da kai shi wajen wanzami a ce a cire beli, askar ba ta kashe kwayar, sai dai zubar jini da wani sabon ciwon.

Maganin ba wani mai tsada ba ne, penisilin ko amoksisilin na kwana 10, ko allurar penisilin guda ɗaya in likita ya ga ta fi dacewa, in kuma yaron jikinsa ba ya son penisilin ki faɗa tun farko a canza. Matsalarmu ita ce kwana 3 yaro ya warware sai a jefa kwalbar bayan sif, ni ma na taɓa yi ba zan ɓoye ba. Cika kwana goman nan shi ne kariya daga abin da ake tsoro, wato bayan sati 2 ko 3 yaro ya tashi da zazzaɓi da ciwon gaɓɓai mai yawo, yau gwiwa gobe idon sawu, a ce sanyi ne, alhali ƙofofin zuciya ake lalatawa a hankali. Haka in kin ga fuska ta kumbura da safe, fitsari ya koma kalar shayi, wannan ƙoda ce, asibiti kai tsaye. Mai ciwon ya zauna gida har ya yi kwana ɗaya cur da fara magani zazzaɓin ya sauka, shi ne za a ware wa kofi, a riƙa wanke hannu da sabulu, a daina barin kowa na tsoma moɗa ɗaya a randa yana kafa baki.

Akwai dai inda likita kan yi wa mai ɗauke da kwayar magani ko da lafiyarsa lau, misali in a gidan akwai wanda ya taɓa yin wancan zazzaɓin gaɓɓai mai taɓa zuciya, ko ciwon ya riƙa zagaye gidan wannan ya warke wancan ya kwanta, ko ya ɓarke a makarantar kwana. In gidanku akwai irin haka ki faɗa masa da bakinki tun kafin ya tambaya.