Yadda ake auna ƙugun dattijo don gane haɗarin teɓa

Sikeli ba ya faɗin gaskiya duka a kan wanda ya haura shekara 60, domin tsoka tana raguwa yayin da kitse ke taruwa a ciki, kuma wannan kitsen yana ƙara haɗarin ciwon sukari da hawan jini.

Da farko a nemi igiyar awo irin ta tela, wadda ba ta ƙara tsawo idan an ja ta. Ana samunta a kasuwar Dole ta Damagaram. A yi awon da safe kafin a sha koko ko fura. Dattijon ya tsaya a miƙe, ya tuɓe babbar riga, mace kuma ta sassauta ɗaurin zane, kuma ya fi dacewa ƴar uwarta mace ta auna ta.

Sai a laluba haƙarƙari na ƙarshe da kuma saman ƙashin kwatangwalo, a zagaya igiyar daidai tsakiyarsu. A nan ake yawan kuskure, saboda mutane suna aunawa a inda mazagin wando yake, alhali tumbin yana sama. Kada igiyar ta karkace ko ta nutse cikin fata. A ce masa: "Baba, ku saki numfashi, kada ku lafe ciki", sannan a karanta. A maimaita sau biyu.

Idan awon ya kai santimita 94 ga namiji, ko 80 ga mace, haɗari ya fara. Idan ya wuce 102 ko 88, ya yi tsanani. Ƙugun da ya zarce rabin tsawon mutum shi ma gargaɗi ne, sai a je likita a auna sukari da jini.