Ɗan Jos, kafin ka sauka Abuja yin tsere a watan zafi

Mu masu gudun fanfalaki a Jos akwai abin da yake ruɗin mu. Garin a sama yake, wajen mita 1,200 daga teku, ka fita tirenin da asuba ta Rayfield ko gindin dutsen Shere har da suwaita a jikinka, huhu ya buɗe ƙafa ta yi ƙarfi, shi ya sa yaran Pankshin suke ba mutane wuya a tsere. Amma fa jikin nan bai san zafi ba. Ka sauko Abuja a Maris ko Afrilu da rana take wuce digiri 35 ba ko kunya, sai ka ga mai cinye kilomita 21 a gida ya fara tangaɗi tun ba a yi rabi ba.

Zafi saba wa jiki da shi ake yi, kuma yana cin kwana 10 zuwa 14. In kana da ɗan uwa a Kubwa ko Nyanya ka sauko da wuri ka rinƙa zagaya tafkin Jabi. In babu hali, ka mayar da wani tirenin ɗinka zuwa hantsi ko wajen azahar a nan Jos, a hankali, minti 30 da farko sannan ka rinƙa ƙarawa har awa ɗaya. Jikin zai koyi fara gumi da wuri, ruwan jini ya ƙaru, gishirin da kake zubarwa ya ragu, zuciya ta daina bugun hauka. Ranakun farko za ka ji kamar ba kai ba, kar ka yi musu da jikin, rage gudu kawai.

Batun ruwa kuma kar ka yi ta canki. Hau sikeli kafin ka fita, ka sake hawa in ka dawo, duk kilo ɗaya da ya tafi kusan lita ɗaya ce ta gumi, piya wata biyu ke nan. Fitsari ma yana faɗa maka, in ya yi kalar ruwan lipton to jikin na bin ka bashin ruwa. Sai dai wasu suna jin haka sai su yi ta ɗirkar ruwa zalla a kowace tasha har ciki yana ƙugi, wannan ma haɗari ne, gishirin jini yana tsinkewa mutum ya rikice har ya suma. Ka sha in ƙishi ya zo, in tseren ya wuce awa ɗaya ka haɗa da ORS, ruwan gishiri da sukari. Na gida ma ya yi, lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Kuma ba rana kaɗai ba ce, akwai laima a iska. A Doha ta ƙasar Qatar a 2019 sai tsakar dare aka fara gudun fanfalakin mata na gasar duniya don gudun rana, duk da haka cikin 68 da suka fara 40 ne suka gama, saboda gumin ba ya bushewa balle ya sanyaya jiki. Mai shirin zuwa na Legas a Fabrairu ya riƙe wannan.

In ka yi maleriya ko gudawa ko amai a satin, wallahi ka haƙura, kuɗin fom bai kai ƙodarka ba. Haka in ya faɗo cikin azumi. Ibuprofen da diclofenac da wasu ke haɗiya kafin a busa usur suna takura ƙoda a zafi, tramol kuwa ba ma sai na faɗa ba. Farar singileti mara nauyi, hana-sallah a kai, ka fara ƙasa da yadda ka saba, duk tashar ruwa ka sheƙa a kai da wuya.

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, tsikar jiki na tashi alhali ana zafi, wannan ka tsaya ka nemi inuwa. Wanda ya fi ban tsoro shi ne ka ga abokin gudunka yana sambatu, ko yana masifa ba dalili, ko ya kauce hanya bai san inda yake ba. Zafin cikinsa zai iya wuce digiri 40 ke nan, kuma kar jiƙewar rigarsa ta yaudare ka, da yawa suna gumi har lokacin. Mu kuma al'adarmu a taru a kansa ana salati, wani ya kawo albasa, wani ya tare Keke Napep. A'a, sanyaya shi tukun a nan wurin, mintunan farkon nan su ne komai. A cire masa riga da kambas, in akwai babban baho a tsoma shi cikin ruwa da ƙanƙara zuwa ƙirji wani na riƙe da kansa, in babu a fasa piya wata mai sanyi a yi ta kwarara masa ana fifita, a jiƙa tawul da ruwan ƙanƙara ana canzawa a wuya da hammata da matsematsi. Wani kuma ya ruga ya kira masu ambulan. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe, a kwantar da shi ta gefe. Ko ya farfaɗo yana cewa shi lafiyarsa lau a ba shi kambas ɗinsa, asibiti za a kai shi a duba ƙoda da hanta.