Yadda ake tayar da tsohon ƙaramin injin fetur

Injin da ya shekara da shekaru a ajiye, kada ka yi garajen jan igiyarsa.

1. Cire fulogi, ka ɗiga ɗan baƙin mai ta ramin, ka bari ya kwana. Washegari ka juya injin da hannu a hankali. In ya ƙi motsi, fistin ya cije. Ƙara mai ka jira, kada ka sa ƙarfi.

2. Tsiyaye tsohon fetur da baƙin mai. In injin mai ma'ajin baƙin mai ne, zuba sabo, mai lambar kauri SAE 30.

3. Kafireto, inda fetur ke haɗuwa da iska, shi ne ainihin aikin. Fetur in ya daɗe yakan bar danƙo ja-ja mai wari, ya toshe 'yan ƙofofin da mai ke bi. Ɗauki hoto kafin ka kwance, don 'yan ƙananan sifirin ɗin suna rikita mutum. Wanke da maganin wanke kafireto, ka hura iska, ka ɗaga kowace ƙofa ga haske har ka ga ta buɗe. Ban yarda da zura allura ba, tana faɗaɗa ramin. Gaskit da ya bushe, canza shi.

4. Jona fulogi da wayarsa, ka jingina shi da jikin injin, ka ja igiya. Tartsatsi shuɗi ake nema. Yawancin ƙananan injinan kamfanin Briggs & Stratton gibin fuloginsu, wato tazarar da tartsatsi ke tsallakawa, milimita 0.76 ne.

5. Mayar da fulogi raminsa, zuba fetur kaɗan, rufe cok (abin da ke rage iskar da ke shiga kafireto), ka tayar a fili, saboda hayaƙinsa yana kisa a ɗaki.