Yadda Ake Renon Furen Lili na Dazukan Fain

A kudu maso gabashin Amurka, daga Bajiniya zuwa Fulorida da Luwiziyana, akwai wani fure da masana tsirrai ke kira Lilium catesbaei, sunan da Thomas Walter ya ba shi a 1788 don tunawa da Mark Catesby, Baturen Ingila da ya yi nazarin tsirrai da tsuntsayen yankin. Kara ɗaya yake fitarwa, siriri, wanda galibi fure ɗaya ke bisa kansa yana kallon sama, ja mai ratsin ruwan lemo, gindinsa rawaya da ɗigo-ɗigo. Yana buɗewa daga ƙarshen bazara zuwa kaka.

Kafin mutum ya taɓa irinsa, ya kamata ya fahimci dangantakarsa da wuta. Mahaifarsa ita ce filayen itacen fain mai dogon ganye, waɗanda a da suka mamaye kimanin eka miliyan 90, yanzu kuwa ɗan abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Tsawa takan kunna wa waɗannan dazuka wuta duk bayan 'yan shekaru, wutar ta bi ƙasa ta cinye busasshiyar ciyawa da ƙananan itatuwa ba tare da ta kashe manyan bishiyoyi ba. Kan furen, wato dunƙulen tushensa, wanda ke da ɓare-ɓare kamar na tafarnuwa, yana kwance a cikin ƙasa lafiya lau, kuma da an sami sarari sai ya tsiro cikin rana tsantsa. Da aka shafe shekaru ana hana gobarar daji, sai ƙananan itatuwa suka rufe filayen, inuwa ta danne furen, har jihar Fulorida ta sa shi cikin jerin tsirran da ke fuskantar barazana. Aikin mai renonsa, ke nan, shi ne ya samar masa abin da wuta take samarwa: haske da rashin abokan gasa.

Kada a haƙo shi daga daji, domin doka ta hana hakan a filayen gwamnati ba tare da izini ba, kuma wanda aka tumɓuke da wuya yake rayuwa. A nemi iri daga halastattun masu renon tsirran asalin yankin.

Ƙasar da yake so ita ce mai tsami, mai yashi, wadda ba ta da ƙarfi. A haɗa ruɓaɓɓen gansakuka da wankakken yashi daidai wa daida a cikin tukunya mai huda, a yayyafa irin a sama, a ɗan lulluɓe shi da yashi kaɗan, sannan a ajiye tukunyar cikin faranti mai ɗan ruwa domin danshi ya riƙa hawa daga ƙasa. Ruwan sama ya fi dacewa, saboda gishirin da ke cikin ruwan famfo yana taruwa a hankali ya rage tsamin ƙasar. A nan ne mafi yawan mutane ke kuskure: ganin ɗan ganyen farko siriri kamar ciyawa sai su ji tausayinsa su zuba taki, alhali takin ne yake ƙona saiwarsa, ya kuma ƙarfafa ciyawar da za ta shaƙe shi. Danshi yake so, amma idan ruwa ya kwanta a kansa lokacin sanyi zai ruɓe.

Sai an yi haƙuri, domin daga iri zuwa fure yakan ɗauki shekaru biyu ko fiye. A kare shi daga ɓeraye da barewa. Idan ya kwanta hutu, wato karansa ya bushe bayan fure, a yanke duk abin da ya tsiro a kewayensa, a kwashe busassun ganye, kada a bar su su yi masa bargo. Mai babban fili a yankin da yake son ƙona shi, dole ya nemi izinin hukumar gandun daji ta jiharsa, ya kuma yi aikin tare da ƙwararru. Tunda kan furen ba ya daɗewa sosai, a riƙa barin kwanson iri ya bushe a kan kara, a tara shi, a sake shuka sabo kowace shekara.