Kafin ka sayi garin ƙara tsoka, sayi tef ɗin tela

'Yan uwa masu ɗaga ƙarfe a nan Bauchi, ga shawara.

Idan ka ga jikinka ya daina ƙaruwa, kar ka ruga sayen garin ƙara tsoka ko allurar sitiroyid, wato maganin kumbura tsoka. Shiga kasuwar Wunti ka sayi tef ɗin tela. Duk wata ka auna damtse, ƙirji da ƙugu, da safe kafin ka karya.

Dalili kuwa, jikin da ba ya amfani da sitiroyid yana da iyaka. Shekarar farko tsoka tana fitowa da sauri. Ta biyu sai ta ragu sosai. Bayan shekara huɗu ko biyar, kilo ɗaya na tsoka a shekara ma nasara ce. A nan ne mutane ke asarar kuɗi: suna ƙara ci, sikeli yana hawa, alhali tumbi ne ke girma. Tef ba ya ɓoye wannan. In ƙugu ya fi damtse saurin ƙaruwa, kitse kake tarawa.

Furotin kuma, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, kimanin giram 1.6 kan kowane kilo na nauyinka a rana ya wadatar. Mai kilo 70 yana buƙatar wajen giram 112. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6. Haɗa da wake, awara, kifi da kindirmo.

Masu jikin nan na Instagram, da yawansu allura ce, kuma tana taɓa zuciya da haihuwa.

Inda dabarar ba ta aiki: in ba ka kai shekara da farawa ba, ko ba ka samun isasshen barci, tsayawar ba iyaka ba ce, gyara kake buƙata. Haka awon watan azumi, kar ka dogara da shi.