Yada zango ba biza: kurakuran da na gaji da gani

Kusan kowane wata sai wani ya dawo unguwar Asawase ta Kumasi daga Accra da akwatinsa a hannu, bai hau jirgi ba, yana tsine wa ma'aikatan filin jirgin Accra. In ka bi diddigi, laifin na tikitinsa ne, ko na wanda ya ce masa "ai tiransit ba ruwansa da biza".

Dokar tiransit, wato ratse ko yada zango a wata ƙasa kafin ka wuce, fasfo take bi. Ɗan'uwanka mai fasfon Amurka ya ratsa Amsterdam ba a ce masa uffan ba, sai kai ma ka ɗauka hanya a buɗe take. Ghana da Najeriya suna cikin ƙasashen da yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ke neman bizar filin jirgi a wurin 'yan ƙasarsu, ko da kujerar jira kawai za ka zauna. Ana ɗaga wa mai bizar Amurka, Kanada ko Japan wadda ba ta mutu ba ƙafa, amma ka tabbatar kafin ka biya. Ingila ma tana da irin tata. Amurka kuwa duk wanda ya sauka sai ya bi layin shige da fice, don haka ba biza, ba wucewa.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne tikiti biyu. Ƙanena ya zo da waya yana murna, wai ya samo hanya mai araha zuwa Guangzhou: tikiti ɗaya zuwa Santambul, wani daban daga can zuwa China. "Yaya, sidin da za mu rage ya isa kuɗin otal." Ni na biya. A kantar filin jirgi aka ce masa tikitin da ke gabansu a Turkiyya ya ƙare, kayansa ma can za a sauke, kuma ba ya isa wurin ɗaukar kaya sai ya shiga ƙasar. Ina bizar Turkiyya? Babu. Tikitin farko ya tafi, na biyun ma ba a mayar da ko sisi ba, ya hawo motar dare ya dawo Kumasi.

Jama'a, arha ba ta ado! Kai da za ka ɗauki jarin shagonka na kasuwar Kejetia ka ƙetare teku, ka kasa tambaya guda: lambar tikitin nan ɗaya ce tun daga Accra har inda za ni? Za a ɗaura wa kayana takarda har ƙarshe? Ni yanzu ko da tsada, tikiti ɗaya nake saya. Kuma in na ga sauka biyu a cikin Schengen, misali Amsterdam sannan Paris, na bar shi, domin jirgin da ke tsakaninsu na cikin gida ne, sai da cikakkiyar biza.

Sai masu yawo da labarin kwana goma a China ba biza. Gaskiya ne tun Disambar 2024 an mayar da ratse ba biza awa 240, amma Ghana ba ta cikin jerin. Namu awa 24 ne, kuma sai kana riƙe da tikitin wucewa wata ƙasa ta uku. Accra zuwa Guangzhou ka juyo Accra ba ratse ba ne, zuwa ne.

Sauran ƙanana ne. Sauka a Heathrow a tashi daga Gatwick, filayen jirgin Landan biyu, shiga ƙasa ne. Bizar ratse ta Dubai, ta awa 48 ko 96, kamfanin jirgi ne ke nema maka tun kafin ka tashi. Fasfo ya kasance da sauran wata shida. Katin rigakafin shawara ya zauna cikin fasfon, kada a cusa shi a akwati. Hanyar dawowa ma a duba ta, don bizar da ta fisshe ka a tafiya tana iya mutuwa kafin ka juyo.

Abin da nake yi, wasu na cewa ɓata lokaci ne: ina rubuta kowane zango a takarda, da awannin jira, in kai ofishin kamfanin jirgin in ce su duba mini a Timatic, wato kundin da ma'aikacin kanta zai buɗe ranar tafiya. In ejan ya ce mini "Alhaji, ba matsala", sai in ce ya rubuto mini a WhatsApp, har da alƙawarin mayar da kuɗina in aka juyo da ni.